Wasiƙar Ƙorafi Kan Amfilifayar da Kuka Sayar wa Masallacinmu

Zuwa ga Manajan Kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina rubuto wannan takarda ne a madadin kwamitin masallacin unguwarmu da ke Fagge, game da amfilifayar da muka saya a shagonku na Sabon Gari, wadda aka rubuta wat 240 a jikinta, kuma take da taransifoma mai fitar da layin bolt 100 zuwa lasifikokin da ke kan hasumiya.

Tun ranar da aka haɗa ta take yin gurnani mara yankewa, sannan da zarar liman ya kaurara murya a karatun Asuba sai sautin ya shaƙe ya dinga karkarwa, har dattawan da ke sahun baya ba sa iya rarrabe ayoyi. Ma'aikacinku da ya zo bai buɗe na'urar ba, bai ɗora mita a kanta ba, ya ce laifin wuta ne da lasifikokinmu, ya tafi.

Ba mu yarda da wannan hukunci ba, domin mun kira mai gyara ya bi matsalar daki-daki a gabanmu. Ya cire makirfo da duk wayoyin shigar sauti, ya mayar da bolum sifili, amma gurnanin yana nan, ko da wutar gari ta sitabilaiza ko da janareto. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi kuwa gurnanin da ya auna sau 100 ne, wanda alama ce ta cewa manyan kapasitocin da ke tace wuta a cikin na'urar sun gaza. Lasifikokinmu shida ne, kowace an saita ta a kan wat 30, jimla wat 180, saboda haka ba a ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta ba.

Batun shaƙewar murya ya fi ci mana rai. Mai gyaran ya ɗauki sauti daga gabanin taransifoma, ya ji muryar ba ta shaƙe ba, amma da ya bi ta taransifomar sai ta lalace. Bayanin da ya yi mana shi ne, ƙarfen da ke cikin taransifomar ya yi ƙanƙanta, don haka idan kakkaurar murya ta shigo sai ya ƙoshi da maganaɗisu, ya kasa ɗaukar ƙari, ya riƙa zuƙar wuta fiye da kima. Shi ya sa idan aka rage bes, wato kaurin sauti, shaƙewar take raguwa, shi ya sa kuma kafin a idar da huɗubar Juma'a murfin yake ɗaukar zafin da hannu ba ya iya jurewa. A zafin Kano na watan Afrilu, wannan hanya ce ta ƙonewa.

Kuɗin nan karo-karo ne na masu facin taya da 'yan tireda da matan unguwa, kuma amana ce a wuyanmu. Muna neman ku musanya mana na'urar da wadda taransifomarta ta kai ƙarfin da aka rubuta, a gwada ta a masallacin a gaban mai gyaranmu, ko kuwa ku mayar mana da kuɗinmu. Rasit da katin garanti suna hannunmu, kuma idan ba mu ji daga gare ku ba za mu kai kuka ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

Wassalam,
Sakataren kwamitin masallaci,
Fagge, Kano.