Ba a filin tsere aka kayar da babur mai bugu biyu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu domin in kare martabar injin da na yi shekaru ina kwancewa ina ɗaurawa, wato na babur mai bugu biyu, wanda yake ƙona man 2T tare da fetur. Abin da ya tayar da maganar shi ne, kwanan baya wani dattijo, tsohon malamin gona, ya kawo mana babur ɗinsa Yamaha DT mai bugu biyu gareji, sai na ga yarona ya yatsina fuska yana cewa wannan ai ba ta da komai sai hayaƙi da ƙara. Maganar ta sosa mini rai, domin yaron bai san ko jikar wane ne a gabansa ba.

Tseren babura a cikin laka da kwazazzabai, wanda ake kira motokuros, a Ingila ya fara a shekarar 1924, kuma an daɗe manyan babura masu bugu huɗu irin su BSA ta Ingila ne suke cin karensu babu babbaka. Daga baya Husqvarna ta Suwidin da CZ ta Cekoslobakiya suka shigo da inji mai bugu biyu marar nauyi, wanda ba shi da bawul, kuma wuta take tashi a kan fistin ɗinsa a kowane zagaye, alhali mai bugu huɗu sai ya yi zagaye biyu kafin ta tashi sau ɗaya. Sirrinsa yana cikin salansar nan mai ƙaton ciki, wadda Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ya inganta, domin takan mayar da man da ya so ya tsere zuwa cikin silinda. Duk bakaniken da ya taɓa ƙona irin wannan salansa ya kakkaɓe baƙin da ya toshe ta, ya san yadda babur yake farfaɗowa nan take. A 1966 Paul Friedrichs ya ci kambun duniya na ajin 500cc (cc shi ne ma'aunin girman inji) a kan CZ, daga nan kuma manyan baburan Ingila suka fara ja da baya.

Sai Japanawa suka karɓe fagen. Yamaha ta fitar da DT-1 a 1968, Joël Robert ɗan Beljiyam ya ciyo wa Suzuki kambun 250cc a 1970, ɗan ƙasarsa Roger De Coster kuma ya ci na 500cc har sau biyar. Hatta Honda, wadda aka sani da riƙo da inji mai bugu huɗu, sai da ta sauko ta ƙera CR250M Elsinore a 1973.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka ture mai bugu biyun. Dokar tsere ta yarje wa mai bugu huɗu ya yi girman da ya kusa ninka abokin karawarsa, shi ya sa Yamaha YZ400F mai bugu huɗu ta 1998 ta samu shiga, har aka wayi gari mai bugu huɗu 450cc ke karawa da mai bugu biyu 250cc. Ko a dambe ba a haɗa irin wannan. Ban musa cewa mai bugu biyu yana hayaƙi kuma yana shan mai ba, kuma dokokin tsabtar iska suna da hujja, domin ni ma na shaƙi rabona. Honda ta daina ƙera CR250R mai bugu biyu bayan 2007, amma har gobe Yamaha tana sayar da YZ125 da YZ250 masu bugu biyu, KTM ta Ostiriya kuma ta cire kafireto ta sa na'urar fesa mai a baburanta na daji masu bugu biyu na 2018.

Ina roƙonka, ya Edita, a riƙa ware wa tarihin injuna ɗan fili a shafin wasanni saboda yaranmu masu koyon sana'a. Ita kuwa DT ɗin dattijon, yaron na sa ya canza mata ringi da fulogi da hannunsa, kuma a bugun farko ta tashi.

Naka,
Wani bakaniken babura, Zariya