Wasiƙa zuwa ga ƙanena Sani a Kubwa

Landan, Ingila

Assalamu alaikum. Sani, ina fata kana lafiya, da Inna da iyali duka. Na ji saƙonka cewa ginin Lugbe ya tsaya, kuma ɗan kwangila ya ce ku koma aikin jinga ko ku kama gabanku.

Abin da 'yan ƙungiyar ƙwadago ke faɗa a nan shi ne idan kuɗi suka yi wuya, gini ne ke fara tsayawa. Dalilin a fili yake. Ba a dage cin abinci, amma ana dage zuba dakin, wato rufin kankare. A gida kuwa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka saki Naira, buhun siminti ya haura 10,000 a farkon 2024, rodi ya bi sahu, ka fi ni sanin farashin kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. Wanda ya karɓi kwangila a tsohon farashi dole ya nemi inda zai rage, kuma ya fi samun sauƙi a aljihun lebura. Girman kamfani ba ya hana komai. Carillion, babban kamfanin gine-gine, ya durƙushe a nan a Janairun 2018, ya bar ƙananan 'yan kwangila suna bin bashin aikin da suka riga suka gama.

To, kafin ka amsa jinga, san abin da za ka rasa. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3. Wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, sai an ba shi notis na mako 1 kafin sallama. Daga shekara 2 zuwa 5 mako 2. Daga 5 zuwa sama wata guda. In rage ma'aikata za a yi, sai an sanar da ƙungiya ko wakilinku, kuma wanda ya zo ƙarshe shi ake fara sallama, tare da duba ƙwarewa. Diyyar rauni tana hannun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, kamfani ne ke biyan kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya, ba a cirewa daga naka. Ɗan jinga da ba shi da takarda, da wuya ya tabbatar da ko ɗaya. Ƙungiyarku ita ce NUCECFWW, ta ma'aikatan gini da katako, a ƙarƙashin NLC, uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Ku je a tare, kada kowa ya bi foman shi kaɗai ta bayan fage, don a nan ake karya farashi.

In ba makawa sai jingar, a rubuta kuɗin kowane bulo ko kowace mita, da ranar biya. Biya duk Asabar, kada ka yarda da "sai mai gida ya turo". Sayi ƙaramin littafi, kullum ka rubuta abin da ka ɗora, foman ya sa hannu, ka ɗauki hoton katangar da waya. In an tsallake Asabar biyu, ajiye cokali.

Abin da ya fi damuna shi ne ragin kaya. Kankaren dakin da ginshiƙi, buhun siminti ɗaya kwanon sarki 2 ne, sai yashi 4, tsakuwa 8. Za a ce maka ƙara yashi, ko a labta ruwa don ya yi saurin zuba. Ruwan idan ya bushe ramuka yake bari a ciki, ƙarfin ya tafi. Za a sa rodi mai kaurin milimita 10 inda zane ya ce 12 ko 16. Za a hana bayi, alhali kankare na son ruwa aƙalla kwana 7. Sai a cire katakon ƙarƙashin dakin da wuri don a kai wani gini, kai kuma kana tsaye a ƙasansa. Bulon da ke marmashewa in ka murza gefensa da yatsa, kada ka ɗora. In injiniya ya ce a canza, ya rubuta da hannunsa. Hular kwano da takalmi kuma hakkin mai aiki ne ya ba ka.

Kafin abubuwa su warware, gyare-gyare ba sa yankewa: yoyon rufi, tayil, filasta, sokawe. Kuɗinsu kaɗan ne amma a hannu.

Ka gaida Inna, ka ce maganin ƙafarta yana tafe da mai zuwa ƙarshen wata. Turo min hoton takardar da ɗan kwangilar ya ba ku kafin ka sa hannu.

Yayanka,
Habu