Yadda Masu Hannun Jari Ke Taka Wa Kamfanoni Birki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida in yi tsokaci a kan wani ɓangare na harkar zuba jari da ba a cika fayyace shi ba. Da yawa sun ɗauka idan kamfani yana gurɓata muhalli, ko shugabanninsa na wasa da dukiyar mutane, abin da ya rage wa mai hannun jari shi ne ya sayar ya kama gabansa. Ban yarda da haka ba. Wanda ya sayar ya miƙa ƙuri'ar da hannun jarin ke ba shi a taron kamfanin ne ga mai saye, wanda wataƙila ko a jikinsa, kamfanin kuma ya ci gaba da abin da ya saba.

Masu jarin da suka san aikinsu sukan fara da ware haɗarin da zai iya durƙusar da kamfanin, domin ba kowane laifi ake bi ba. A kamfanin haƙar ma'adinai, babban abin tsoro shi ne madatsar da ake tara laka da tarkacen haƙa. Ranar 25 ga Janairu 2019, irin wannan madatsa ta kamfanin Vale ta fashe a Brumadinho da ke Barazil. Da tsakar rana ne, ma'aikata na cin abinci, laka ta rufe ɗakin da suke ciki. Mutum 270 suka rasu. An gina madatsar ne ta hanya mafi arha, inda ake ɗora sabon bango a kan lakar da ta riga ta taru, kuma da ruwa ya yi mata yawa sai ta narke ta zama kamar kunu.

Abin da ya biyo baya ya kamata a lura da shi. Asusun fansho na Cocin Ingila da majalisar ɗa'a ta asusun fanshon Suwidin suka jagoranci wasu masu jari, suka rubuta wa kamfanoni sama da 700. Tambayoyin ba su da kwana-kwana: madatsu nawa gare ku, a ina suke, ta wace hanya aka gina kowace, yaushe ƙwararre mai zaman kansa ya duba ta, an taɓa ƙin tabbatar da ingancinta? Suka ba da wa'adin kwana 45, suka ce a wallafa amsa a fili da sa hannun shugaban kamfani. Daga nan aka kai ga ƙa'idar duniya ta kula da irin waɗannan madatsu a watan Agusta 2020. Buƙata mai lamba, da wa'adi, da sunan wanda zai ɗauki alhaki, ita ce ke motsa kamfani.

Yawanci akan fara a asirce, da wasiƙa sannan zama. A nan ne ake yawan tafka kuskure, domin kamfani kan turo jami'in hulɗa da jama'a ko na sashen muhalli, mutumin kirki amma ba shi ke raba kasafi ba. Zaman da ke da amfani shi ne da shugaban hukumar daraktoci ko na kwamitin binciken kuɗi. Sai kuma a yi hattara da alƙawarin nesa. Kamfanin da ya ce zai kawar da hayaƙinsa a 2050, bai faɗi inda zai kai a 2030 ba, bai nuna kuɗin da ya ware ba, ladan shugabanninsa kuma bai rataya a kan cika alƙawarin ba, wannan romon baka ne kawai. Wani kamfanin ma sayar da rijiyoyin mansa masu ƙazanta yake yi, lissafinsa ya yi kyau, hayaƙin kuwa yana nan yana tashi a hannun wani.

In magana ta ƙi ci, sai ƙuri'a a babban taron shekara. A Amurka, wanda ya riƙe hannun jari na dala 2,000 tsawon shekara uku na iya gabatar da ƙuduri da bai wuce kalma 500 ba, sai dai galibin ƙudurorin shawara ce, ba dole a bi su ba. Abin da ya fi ciwo shi ne a ƙi zaɓen darakta. A 2021 ƙaramin asusun Engine No. 1, mai kusan kashi 0.02 cikin ɗari na kamfanin man fetur ExxonMobil, ya ci kujeru uku cikin 12 a hukumar daraktoci, domin ya shawo kan manyan masu juya jari irin su BlackRock da Vanguard da hujjar riba da asara. A Birtaniya, idan kashi 20 suka ƙi wani ƙuduri na hukumar, ana sa ran ta tuntuɓi masu jari ta ba da bayani cikin wata shida. A Ostiraliya kuwa, idan kashi 25 suka ƙi rahoton albashin shugabanni shekara biyu a jere, sai a kaɗa ƙuri'a a kan ko daraktocin za su sake neman kujerunsu.

Akwai inda ƙarfin ke karyewa. A kamfanin Meta mai Facebook, wani rukunin hannun jari na da ƙuri'a goma kowanne, don haka shugabansa Mark Zuckerberg, da ke riƙe da galibin wannan rukunin, shi kaɗai ya rinjayi kowa. Wasu asusun kuma sukan ba da aron hannun jarinsu don ɗan ƙarin riba, ranar tantance masu zaɓe ta zo ƙuri'ar tana hannun wani. Wasu na riƙe da dubban kamfanoni da ma'aikata ƙalilan, sai su bi shawarar kamfanonin ba da shawara kan kaɗa ƙuri'a, ISS ko Glass Lewis, ido rufe.

Duk mai kuɗi a asusun fansho yana da damar ya tambayi masu juya masa su yadda suka kaɗa ƙuri'a bara, da daraktoci nawa suka ƙi, da dalili. Asusun man fetur na ƙasar Norwe yana wallafa yadda zai kaɗa ƙuri'a kwana biyar kafin taro, kowa ya gani.

Na gode.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum