Ba duk hazon Yamai ne ke zuwa daga hamada ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana a kan iskar da mutanen Yamai ke shaƙa. Aikinmu awon ƙura da hayaƙin da ke yawo cikin iska ne, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne maganar da ake yawan yi da zarar hunturu ya kama, wai hazo daga hamada yake zuwa, ba abin da ɗan Adam zai iya. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Wani ɓangare na abin da ke rufe garin daga murhunanmu da jujinmu da ababen hawanmu yake fitowa, kuma shi ana iya rage shi in an auna shi daidai.

Ƙurar hamada dai tushenta sananne ne. Mafi girmansa kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, inda tsohon babban tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mara nauyi. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi ƙasar nan ta yo yamma da ita, musamman daga Nuwamba zuwa Maris. Sai kuma jar ƙurar da ke tahowa gaban hadari a Mayu da Yuni, wadda ke duhunta gari cikin ƴan mintoci ta wuce. Waɗannan ba a hana su, sai dai a yi hasashensu a gargaɗi mutane.

Abin da ya fi damun likita shi ne girman ɓarɓashin. Ana auna shi da maikiron, wato milimita ɗaya a kasa ta dubu. Abin da bai kai maikiron 10 ba shi ake kira PM10, yana wuce hanci ya shiga maƙogwaro da ƙirji. Wanda bai kai maikiron 2.5 ba, PM2.5, yana kaiwa can ƙuryar huhu. Yawancin nauyin ƙurar hamada manya-manya ne, hayaƙi kuwa kusan dukkansa ƙanana ne. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar PM2.5 a maikirogiram 15 cikin kowace mita kubik ta iska a yini guda, 5 a matsakaicin shekara (maikirogiram shi ne miligiram ɗaya a kasa shi dubu). PM10 kuwa 45 a yini, 15 a shekara. Babban mutum yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 kullum, don haka ɗan abin da ake rainawa yana taruwa.

Yamai ba baƙuwa ba ce ga wannan bincike. A 2006, lokacin babban shirin nazarin damina na AMMA, masana daga Amurka sun girke tashar awo a filin jirgin saman Yamai har tsawon shekara, suna duba yadda ƙura ke tare hasken rana. A Banizumbu, kimanin kilomita 60 gabas da birnin, an girke na'urar da ke kallon rana tana auna kaurin ƙurar da ke sama, da wata mai auna PM10 kusa da ƙasa, ƴar'uwar waɗanda ke Sinzana a Mali da Mbur a Senegal. Aiki ne mai daraja, amma an tsara shi ne domin fahimtar yanayi da ƙurar daji. Ba zai faɗa maka abin da mai tuyar ƙosai ke shaƙa a bakin kasuwar Katako ba. Amfaninsa gare mu shi ne kwatanci: in an auna cikin gari da ƙauye a rana guda, abin da gari ya ɗara shi ne namu.

Duk wanda ya tsallaka gadar Kennedy bayan magariba a watan Disamba ya ga hayaƙi kwance a kan unguwanni. Ga dalilinsa. Da rana ƙasa tana zafi, iska tana tashi sama da abin da ta ɗauko, ta watsa shi cikin tsayin da ya wuce kilomita. Rana na faɗuwa ƙasa ta huce da sauri saboda babu gajimare kuma babu laima, iska mai sanyi ta kwanta ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta kamar murfin tukunya. A daidai lokacin ne ake hura wutar tuwon dare, ake cinna wa shara wuta, motoci da babura ke tada ƙurar hanyoyin da ba kwalta. Hayaƙin da da tsakar rana zai baje, yanzu ya tsaya kusa da ƙasa har wayewar gari. Shi ya sa awon da aka yi sau ɗaya da hantsi ba ya nuna halin da ake ciki. Dole a auna awa 24.

Awon da ake dogara da shi ba shi da sarƙaƙiya, sai dai yana son haƙuri. Famfo yana zuƙar iska lita 16.7 a minti ta wani baki da ke ware manyan ɓarɓashi, sauran su maƙale a kan matata, wato ɗan faifan tacewa, mai faɗin milimita 47. A awa 24 iskar da ta wuce ta kai mita kubik 24. Ana auna nauyin matatar kafin da bayan, a raba ƙarin da 24. Misali, in ta ƙaru da miligiram 2.4, iskar ranar tana ɗauke da maikirogiram 100 ke nan a kowace mita kubik. Kafin kowane awon nauyi sai matatar ta kwana a ɗaki mai zafin digiri 20 zuwa 23 da laima kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, in ba haka ba ruwan da ta sha ko ta zubar zai shiga lissafi. A yanayinmu matsala uku ke ɓata aikin: ɗaukewar wuta da ke rage awannin zuƙa, toshewar matata a ranar ƙura mai yawa har saurin famfo ya ragu, da ƙazantar bakin da ke ware ɓarɓashi, wanda in ba a wanke shi ba yakan saki manya su shiga cikin ƙanana. Wurin girkawa ma yana da ƙa'ida: aƙalla mita 2 daga ƙasa, nesa da katanga da bishiya, kuma kada a sa shi kusa da injin wuta ko madafa.

Matatar nan ita ce ke raba gardama, domin kowane tushe da shaidarsa. Silikon, aluminiyom, ƙarfe da kalsiyom na ƙasa ne. Baƙin toka na kabon daga gazuwal da itace yake. Fotasiyom da wani sinadari mai suna lebogulukosan suna nuna ƙonewar itace da ciyawa.

A nan muke son jan hankalin ƙungiyoyi da makarantun da ke sayen ƙananan na'urori masu araha, irin na PurpleAir. Suna da amfani, amma a san iyakarsu. Hasken leza suke haskawa su ƙiyasta nauyi daga yadda ɓarɓashi ya watsa hasken. Hayaƙi suna ganinsa sosai, amma manyan ɓarɓashin ƙura suna kuɓuce musu, har su nuna adadi ƙasa da gaskiya ninki-ninki a ranar da ba ka hango ƙarshen titi. Da damina kuma laima tana kumbura ɓarɓashi, adadin ya haura. Maganin shi ne a ajiye kowace kusa da babbar na'ura mai famfo da matata na ƴan makonni, sau ɗaya da hunturu sau ɗaya da damina, a fitar da lissafin gyara, a riƙa share ta. Wanda ya wallafa adadinta ba tare da wannan ba zai iya kwantar wa jama'a hankali a ranar da ya kamata su yi hattara.

Batun lafiya ba sai mun tsawaita ba. Masu asma, tsofaffi masu ciwon zuciya da jarirai su ne na farko. Sanƙarau ƙwayar cuta ke kawo shi, ba ƙura ba, amma busasshiyar iska mai ƙura tana raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, kuma annobarsa, kamar ta 2015 da ta taɓa Yamai sosai, a rani take tashi ta lafa da saukar ruwa.

A gida, kada a ƙona leda da taya, balle da magariba. A yayyafa ruwa kafin shara. Mai halin gaz ya yi girki da shi, mai itace ya yi a fili da busasshen itace, goyo kuma a sauke shi nesa da murhu. Kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe saboda sanyi, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Rawani da mayafi suna tare yashi amma ƙananan ɓarɓashi suna wucewa. Takunkumin FFP2 ko N95 ne ke tare su, shi ma sai ya manne fuska.

Roƙonmu ga hukumar birnin Yamai da ma'aikatar muhalli shi ne a kafa aƙalla tashoshin dindindin biyu, ɗaya bakin babban titi ɗaya cikin unguwa, da batir da faranti mai hasken rana, a ware kuɗin matata da gyara a kasafin kowace shekara. Masanan da za su riƙe su suna nan cikin garin, a Jami'ar Abdou Moumouni, da hukumar yanayi ta ƙasa, da cibiyoyin nazarin yanayi na ACMAD da AGRHYMET. Sakamakon kuma a riƙa karanta shi a rediyo kowace safiya tare da hasashen yanayi, da Hausa da Zabarmanci, domin shugaban makaranta ya san ranar da zai hana yara wasan motsa jiki a fili.

Wassalam.

Wasu masu binciken iska da yanayi,
Yamai.