Baba Ya Ƙi Zuwa Sunan Ɗana Saboda Ƙuri'ata

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne raina a ɓace, domin ranar Asabar da ta wuce aka yi sunan ɗana na fari, amma mahaifina bai zo ba, kuma goron da na aika masa ya dawo mini a ƙulle, ko kwance shi bai yi ba.

Dole in fara da asalin gidanmu. Kakanmu ɗan jam'iyyar NEPU ne tun kafuwarta a Kano a 1950, kuma har ya tsufa yakan ɗaga riga ya nuna mana tabon bulalar da 'yan dokan En'e suka yi masa saboda ya je sauraron lacca. Baba ya gaje shi a PRP, kuma da jam'iyyar ta rabu gida biyu, santsi da taɓo, sai ya tsaya a taɓo tare da Malam Aminu Kano, duk da cewa Abubakar Rimi na ɓangaren santsi ne ke kan kujerar gwamnan Kano. Hoton Malam Aminu yana rataye a zaurenmu tun ba a haife ni ba, kuma Inna ta ce da ya rasu a 1983 Baba ya yi kuka kamar uban da ya haife shi ne ya mutu. Yanzu Baba jar hular Kwankwasiyya yake sawa. A gidanmu ba a tambayar mutum ra'ayinsa; daren zaɓe Baba yake tara mu a tsakar gida, har da matan aure, ya faɗi alamar da za a dangwala wa.

A zaɓen gwamna na 2023 ban dangwala inda ya ce ba. Ni dai na yi karatu, kuma a majalisarmu muna tattauna maganar aikin yi da makarantu, saboda haka na ga ina da 'yancin zaɓen wanda ya kwanta mini. Ashe ba 'yancin talaka Kakanmu ya sha bulala a kansa ba? Mutum ɗaya na gaya wa, wato Yayana, shi kuwa ya ajiye maganar a cikinsa sai da matata ta haihu sannan ya kai wa Baba, ya ƙara da cewa surukina ne ya saye ni. Wannan Yayan nawa, Malam, babu ɗan takarar da bai karɓi taliyarsa da atamfarsa ba, amma a gaban Baba shi ne ɗan halak.

Na manta ban faɗa ba, surukin nawa shugaban jam'iyyar da na zaɓa ne a mazaɓarsu, kuma shi ya yi mini hanyar aikin da nake yi, amma wallahi bai taɓa ce mini zaɓi wane ba. Sannan Baba ya so a sa wa yaron Aminu, ni kuma na riga na yi masa huɗuba da sunan surukin, don na yi wa matata alkawari tun tana da ciki.

Inna ta ce in je in durƙusa in ce na tuba, amma ban san laifin da zan ambata ba. Shin Malam, ya halatta in daina gaida Yayana har sai ya janye ƙazafin da ya yi mini a gaban Baba?

Naka mai sauraro,
daga Kurna, Kano.