Na ɓata wata shida ina jiran ɗana ya yi magana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan uwana iyaye masu yara 'yan shekara ɗaya zuwa uku, domin abin da zan faɗa a gidana ya faru.

Ɗana na biyu ya yi tafiya da wuri, yana da wata 11 ya saki bango. Magana ce ta ƙi zuwa. Ya cika wata 18 ba ya cewa komai sai "mama", in yana son abu sai ya kama hannuna ya ja ni wurin. Duk wanda na kai wa kuka amsa ɗaya yake ba ni: namiji ne, maza nauyin baki gare su, zai yi ne. Na yarda, don abin da zuciyata ke son ji ke nan. Sai da ya shekara biyu, wata rana ƙanwata ta tsaya a bayansa ta kira sunansa sau uku bai waiwayo ba har sai da ta dafa kafaɗarsa. Ranar ban runtsa ba. A asibiti aka gano ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa, duka biyun, yana jin maganarmu kamar wanda aka cusa wa auduga.

Gaskiya ne kowane yaro da lokacinsa. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, kan yara a Gana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ya nuna lafiyayyen yaro na iya fara tafiya shi kaɗai tun daga wata 8 har kusan wata 18, wasu ma ba sa rarrafe sam. Amma wannan sassaucin yana da iyaka. Yaron da ya kai wata 18 ba ya tafiya, ko ba ya nuna maka abu da yatsa don ka gani tare da shi, ko ya shekara biyu bai haɗa kalmomi biyu irin "baba tafi" ba, a kai shi a duba, a kuma roƙi a gwada jinsa. Wanda kuwa ya iya abu sannan ya daina, kada a kwana ana shawara.

Bayan an yi masa magani, ma'aikaciyar da ke koyar da magana ta ce mini, "Maman yaro, ki sauko ƙasa." Haka kawai. In zauna daidai tsayinsa, in bi abin da idonsa ke kallo, in faɗi sunansa, sannan in yi shiru in jira. Jiran nan ne ya fi ba ni wuya, don na saba amsa masa tun kafin ya tambaya. Kofunan roba huɗu muka yi ta ɗorawa yana turewa, ni kuma kullum in ce "ya faɗi!" A mako na uku ya ture, na kama bakina, ya ɗago ya kalle ni, ya sake kallon kofunan, ya ce "adi". Na rungume shi ina hawaye.

Sauran wasannin ba su buƙatar sayen komai: ɓoye cokali a ƙarƙashin ƙyalle ya nemo, juye ruwa daga kofi zuwa kofi lokacin wanka kina tsaye a kansa, harba ƙwallo, zane da fensir a takarda. Abin da zai shige bakinsa ya shaƙe shi dai a ɗauke.

Sai waya. Ni ma na sha miƙa masa don in samu in yi aiki, kuma na yi nadama. Ƙa'idar da hukumar nan ta fitar a 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, sannan ya samu aƙalla minti 180 yana motsa jiki. Waya ba ta jiran yaro ya amsa.

Edita, ina roƙon ku riƙa gayyato likitocin yara su yi mana bayanin waɗannan matakai a shafin iyali. Ɗana yanzu shekararsa huɗu, tambayoyinsa ba sa ƙarewa, har yau kuma duk wata shida ina kai shi a duba kunnen.

Taku,
Wata uwa mai 'ya'ya uku