Sanarwa kan karɓar kayan gini

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Daga Litinin mai zuwa, duk kayan da mota ta sauke a wurin aiki a manhajar waya za a shigar da su. Takardar direba takan jiƙe ko ta ɓace, ofis ya biya kuɗin kayan da ba su cika ba.

Masu karɓa, kafin direba ya tashi ku ƙirga siminti da rodi, ku ɗauki hoton takardar da lambar mota. Buhun da ya fashe ko ya daskare a rubuta shi daban, don Allah ban da kara. In babu sabis ku adana, ku tura in ya dawo.

Ƴan ofis, kada a biya dila sai lissafin manhaja ya zo daidai da oda.

Wanda bai gane ba ya kira ni. Allah ya yi mana jagora.